Shekarar da Aka Kusa Kwashe Gonar Jaji a Ƙwarya

Gonar Jaji ba ta da girma. In ka tsaya a bakinta na gabas ka yi wa wanda ke yamma sallama, ba sai ka ɗaga murya ba. Tana tsakiyar gonaki a bayan ƙauyenmu, Gidan Kanya, tsakanin Bici da Shanono, inda babu taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Tawa ce ta yi iyaka da ita ta kudu, shi ya sa na ga abin da zan faɗa.

Kakan Jaji daga Barno ya zo da fataucin kanwa, ya ga wuri ya zauna. Shi Jaji bai gaji komai na Barebari ba sai suna da gaisuwa guda biyu, amma wannan ya ishi Abdussalam, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa a gefen gari, ya riƙa kiransa bawansa tun suna yara har yau da suka yi furfura. Jaji ya yi karatun allo wurin mahaifinsa, ya je cin rani Kano sau biyu yana sayar da rake, ya dawo ya ce birni ya cika hayaniya. Ya auri Asiya. Ya gaji gonar nan. Daga ita gidansa ke ci, su goma sha ɗaya da jikoki, ba shi da wata.

Ba a taɓa sa shi cikin manyan manoma ba. Da tarakta ta fara zuwa garinmu kowa ya yi layi, shi ma ya yi, sai aka tarar hanyar gonarsa ta bi tsakanin gawo biyu, jaki ma sai ya karkace da mangala yake wucewa. Ya koma wa fartanyarsa. Takin zamani kuma kullum sai ya ce baɗi, ya ci gaba da kai tokar murhu da kashin awaki da sharar tsakar gida. Gero, dawa, wake, duk a haɗe yake shukawa kamar yadda ya tarar. In an yi girbi, mutane kan tone tushiya su kai gida a yi girki, shi kuwa sai ya sare kara ya bar tushiyar a ƙasa, don bai ga dalilin wahala ba tunda gawo na ba Asiya itace. Da kaka shanun Abdussalam su kwana a ciki. Samari suna kiranta gonar tsohon yayi. Yana ji, yakan yi dariya.

Haka ya kai shekara sittin da uku ba wanda ya taɓa tambayarsa shawarar noma.

Sai Fauziyya, 'yar ƙanensa da ke karatun aikin gona a jami'a, ta zo wata damina da ledoji da ɗan shebur. Ta tono saiwar gero daga gonaki goma sha biyu, da kaka ta dawo ta karɓi mudu ɗaya na hatsi daga kowace. Muka manta da zancen. Bayan wata uku ta sake zuwa, ranar da ake suna a gidan Liman Kamaruddeen, mutane cike a ƙofar gida. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta miƙa wa Jaji wayarta.

"Baffa, duba saiwar geronka."

Hoto ne na wani abu kamar igiya, ko'ina a jikinsa zare-zare shuɗaye sun shiga sun fita. Jaji ya nesanta wayar da fuskarsa.

"Inna lillahi. Wace cuta ce kuma wannan?"

"Ba cuta ba ce, Baffa. Dangin fumfuna ce, amma ta kirki. Ido ba ya ganinta, sai mun rina ta mun sa a madubin bincike. Cikin saiwa take shiga ta zauna, ta miƙa zarenta can cikin ƙasa inda saiwa ba ta iya kaiwa, ta jawo ruwa da abinci ta kawo wa gero. Shi kuma ya ciyar da ita da zaƙin da ganyensa ke haɗawa."

Liman ya ce, "Ashe baƙuwa ce mai zuwa da cefanenta."

"Haka ne, Malam. Kuma wani abin da take jawowa har cikin ƙwaya yake kaiwa. Mun auna sinadarai biyu, ayon da zink. Ɗaya jini yake ƙarawa, ɗaya yana taimakon yaro ya girma, jikinsa ya jure ciwo. A gonaki goma sha biyun nan, saiwar Baffa ta fi kowace yawan zaren, geronsa kuma ya fi kowane waɗannan sinadaran."

Uzairu mai shayi, wanda ya fi kowa zuba takin zamani, ya ce, "Gerona fa?"

"Naka ya fi yawa a buhu, Kawu. A mudu ɗaya dai, nasa ya fi naka abin gina jiki. Tarakta na tsinka zaren. In kuma takin zamani ya yi yawa, gero ya ƙoshi, sai ya daina kula baƙuwar tasa."

Ta ƙara da cewa awon shekara ɗaya ne kawai, gonaki kaɗan ne, sai an maimaita kafin a tabbatar. Ni na ji wannan. Ban ga alamar wani ya ji ba, don a lokacin Abdussalam ya miƙe yana nuna ƙirjinsa da sanda.

"Jama'a ku shaida, kashin shanuna ne! Babarbare ya ci arzikin ubangidansa!"

Jaji ya ce, "Zauna, bawa. Shanunka a gona nawa suke kwana? Me ya sa ba su yi a can ba?"

Washegari da hantsi Inna Tahira, tsohuwar da ta girmi kowa a garin, ta dogara sandarta har gona, da 'yar ƙwarya a hannu.

"Jaji, ɗan ƙasar nan taka zan samu?"

A wurinmu akwai abubuwan da ba a hana maƙwabci: garwashin wuta, ruwan sha, irin shuka. Ba wanda ya taɓa cewa ƙasa na cikinsu. Ba kuma wanda ya taɓa cewa ba ta ciki. Jaji ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya zaɓi wurin da ya fi baƙi da laushi, ya cika mata har da ƙari.

Kafin sati ya zagayo ƙwarya ta zama kwano, kwano ya zama buhu. Kafin wata, mangala. Mutanen ƙauyukan kusa suka fara zuwa a kan babur, wani da matarsa a baya tana riƙe da bokiti. Wasu sun miƙa kuɗi, Jaji ya ɓata rai ya ce shi ba ya sayar da ƙasar Allah.

Abin da aka yi da ita kuwa, kowa da fahimtarsa. Yawanci sun watsa ta a gonakinsu kamar taki, a tsakiyar rani, rana na dukanta. Uzairu ya kwaɓa tasa ya yaɓe rumbunsa ciki da waje, wai hatsin da ke ciki ya ɗauka. Wani ya zuba a akurkin kaji. Inna Tahira kuwa ɗan tsunkule take sa wa jikanta a koko kullum da safe, har sai da Liman ya tsai da mutane bayan la'asar ya ce, don girman Allah, yarinyar nan gero ta ce a ci, ba ta ce a ci gona ba.

Ni ma ina da ƙwarya a gida. Zan tsaya nan.

Shi kuwa Jaji, ban taɓa ganin mutum ya canza haka ba. Ya sayi sabuwar hula. Ya kai benci gindin gawo yana karɓar baƙi. In ya shiga gona a hankali yake takawa, kan 'yan yatsu, kamar mai wucewa ta gaban masu salla, kuma sai ya ce, "Sannunku da aiki," kafin ya sa fartanya. Samarin da ke ce mata gonar tsohon yayi suka koma kiransa Furofesa, yana amsawa. Bayanin Fauziyya kuma kullum ƙaruwa yake a bakinsa. Ranar Litinin zaren ya kai kamu goma. Ranar Alhamis na ji yana gaya wa wasu baƙi cewa ta ƙarƙashin ƙasa ya kusa Shanono.

"Malam Jaji, kai ka taɓa ganinsa?"

"A waya. Shuɗi ne, kamar rinin garin Kura."

Duk wanda ya zo sai ya tafi da kaya, Jaji na binsa da addu'a. Ta gefen gabas ake ɗiba, don nan ya fi kusa da hanya.

Asiya ba ta cika zuwa gona da rani ba. Wata rana a farkon bazara ta je ɗauko itace, tana tafe tana kallon reshen gawo, sai ta ji ta a rami har ƙwauri. Ta fito ta duba. Kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi. Baƙar ƙasar nan da kakan Jaji da ubansa da shi kansa suka yi shekaru suna kai wa toka, kaurinta bai wuce tsawon tafin hannu ba, an kwashe ta tas. Abin da ya rage ja ne, mai tauri kamar daɓe.

Ta same shi a kan benci da baƙi uku. Ta jira suka ɗaure buhunansu suka tafi.

"Malam, geron bana a ina za mu shuka shi? A cikin hular?"

Ya waiwaya gabas. Ina jin ranar ce ya fara kallon wurin da idon manomi.

Asiya ta sa aka kira mata Fauziyya a waya. Ranar Asabar sai ga ta. Ta zauna a bakin ramin ta yi dariya har ta share hawaye, daga nan kuma hawayen bai tsaya ba. Abdussalam na nan, ni ma ina jingine da iyakata.

"Baffa, abin nan rai gare shi. Da saiwa yake rayuwa. In an kwashe shi an shanya a rana ba shuka kusa, yawancinsa lalacewa yake. Su ba su samu ba, kai ka rasa. In aka ci gaba haka, kafin ruwa ya sauka ba ka da gona."

Jaji ya cire hular ya riƙe a hannu.

"To in ce musu me? Inna Tahira ta goye ni. Uzairu shi ya haƙa kabarin mahaifina. In dubi mutum in ce na hana shi ƙasa? Ƙasa fa, Fauziyya!"

Abdussalam ya yi tsaki.

"Wannan ita ce matsalar bawa in ya yi arziki. Kai, kullum mata na zuwa wurin matata neman abin da za su sa madara ta yi tsami. Ka taɓa jin ta ba su saniya? Ludayi ɗaya na tsohon nono take ba su, kowacce ta je ta zuba a madararta, gobe ta wayi gari da ƙwarya cike."

Fauziyya ta miƙe tsaye.

"Baba Abdussalam, sake faɗa!"

"Ba na maimaita wa Barebari karatu kyauta."

"Ai haka ake yi! Wallahi haka ake yi, ni ce ban kawo shi a raina ba. A haƙa rami, a zuba rairayi da ɗan taki, a kawo ƙasar Baffa kwano ɗaya tak a gauraya. A shuka dawa da wake a ciki, a yi ta ban ruwa. Za ta bi sabbin saiwoyin ta yaɗu. Bayan sati goma a daina ba da ruwa, a yanke kan, a daddatsa saiwar a cuɗa da ƙasar ramin. Kowa ya ɗan tsunkula ya sa a ramin shuka tare da iri. Ƙwarya ɗaya ta yi wa mutum nisa."

Jaji ya dubi Abdussalam.

"Shekara sittin ina ciyar da kai, yau ka yi amfani."

Ba a kai ga haƙa ramin ba sai ga a-kori-kura ranar Litinin, da majiya ƙarfi huɗu a baya, kowa da shebur da kwando. Wani Alhaji Najib ne, ɗan kasuwa mai babbar gona wajen Bici, ya ji labari ya aiko a cika masa mota. Direban ya yi sallama da ladabi, ya isar da gaisuwar Alhaji da goro.

Muka zuba ido. Jaji ya karɓi goron, ya sa albarka, ya ce, "Kun zo a daidai. Ku biyo ni."

Bai nufi gona ba. Ya kai su bayan rijiyar gari, ya zana wuri uku da ƙafa, ya ce su haƙa zuwa gwiwa. Suka haƙa, gumi na zuba, suka fara loda kwanduna.

Jaji ya ce, "Wannan in kuna so ku ɗauka, amma ba komai a cikinta. Ta gasken nan za mu haife ta. Ku gaya wa Alhaji ya aiko bayan sati goma, da ƙwarya."

Direban ya ce, "Ƙwarya, Baba? Mota fa muka kawo."

"To ku sa ƙwaryar a motar."

Direban ya koma gefe ya kira Alhaji. Ban ji abin da aka ce masa ba. Na dai ga ya dawo ya naɗe hannun riga ya karɓi guga, su suka yi wa ramukan ban ruwan farko.

Daga ranar, duk wanda ya zo da buhu sai Jaji ya tarbe shi da fara'a ya miƙa masa guga. Aka kewaye ramukan da ƙaya saboda awaki. Safe da yamma ana layi a rijiya, dattawa da samari, ana gardamar ramin wa ya fi kore. Uzairu ya kawo teburin shayinsa wurin. Inna Tahira kan zo ta leƙa ta kan ƙaya ta ce, "Sun tashi lafiya?"

Amma akwai masu gaggawa, waɗanda sati goma ya yi musu nisa, sukan zaga ta bayan gari da buhu a hammata. Waɗannan Asiya ce ta ɗauki nauyinsu. Ta shimfiɗa tabarma tsakanin gawo biyun nan, a kan hanyar gonar sosai, tana saƙar faifai. Ba ta taɓa hana kowa wucewa ba. Gaisawa kawai take yi. Ta tambayi mutum mahaifiyarsa, da ƙafar mahaifiyar, da matarsa, da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da wanda aka yaye, da tunkiyar da ta ɓata bara ko an gan ta. In ya amsa duka sai ta ce, "Wannan buhun fa, ina zuwa?" Ban ga wanda ya ce gona ba. Wani ya ce niƙa zai kai, buhun kuwa ba komai a ciki.

Da sati goma suka cika aka yi yadda Fauziyya ta ce. Ruwan farko ya sauka, aka raba, kowa ƙwarya ɗaya, har Alhaji Najib. Tasa a gaban mota aka ɗora ta, direban na riƙe da ita a cinya wani na tuƙi.

Saura gefen gabas. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya kira gayya. Wata safiya dai Jaji ya fito ya tarar da jakuna a jere daga gawo har bakin gari, kowane da mangalar taki, masu su na kallon ƙasa kamar an kama su da laifi. Uzairu ya ce in ana so zai kankare rumbunsa ya maido. Jaji ya ce ya bar shi, rumbun ya yi kyau. Aka cike ramukan kafin azahar. Jakina ya yi sawu huɗu, shi ya san dalili.

Fauziyya ta ce kada a yi murna da wuri. Taki ya cike rami, amma zaren sai ya rarrafo da kansa daga gefen da ba a taɓa ba, kuma ba a shekara ɗaya ba. A yi ta shuka wake da dawa a wurin, a sa 'yar ƙasar ramukan bayan rijiya, kada a juya ƙasar da garma.

Haka kuwa aka yi. A wannan shekarar gefen gabas bai ba da abin kirki ba, dawar ta tsaya iya ƙugu ta yi ja. Rumbun Jaji bai cika ba, ya ƙare saura wata biyu sabon hatsi ya shigo. Gidan bai kwana da yunwa ba. Asiya ta ce ita dai takan tarar da dami a zaure da safe, kuma damin ba ya magana.

Fauziyya ta sake awo da kaka. A wasu gonakin an ɗan samu ƙari, a wasu ba bambanci, musamman inda aka sa tsunkulen sannan aka bi shi da takin zamani kamar da. Ta ce har yanzu da sauran bincike. Wannan karon an saurare ta har ƙarshe, Abdussalam ma bai katse ta ba. Mutum biyar sun bar tushiyarsu a ƙasa a shekarar, matansu na ta mita a kan itace.

Bana damina ta uku ke nan. Jaji ya mai da gero gefen gabas, a tsakanin waken. Tun yana iya gwiwa yake zuwa dubawa. Da ya fitar da kai na ga ya tsaya a cikinsa, ba a hango shi sai hannun da ya ɗaga yana kiran Asiya.

Shekaranjiya ya ɗaure damin farko daga wurin. Akwai 'yar hanya ta bayan gari da ke kaiwa ƙofar gidansa kai tsaye. Bai bi ta ba. Ya ɗora damin a ka ya ratsa ta tsakiyar gari, ta rijiya, ta gaban masallaci, ta teburin Uzairu, yana tsayawa yana gaisawa da kowa, har da waɗanda suka riga suka gaisa da safe.